Malama Saratu ta tafi, wadda ta riƙe 'yar da na kasa riƙewa

Labarin ya same ni da safen nan ina tsakiyar dama wa yara koko. Malama Saratu ta rasu.

Maƙwabciyarta Inna Hauwa ce ta kira ni daga ƙauyenmu. Ta ce Malama ta fito ba wa awaki dusa, jiri ya ɗebe ta a bakin ƙofa. Dama tana fama da hawan jini. Kafin a samo motar da za ta kai ta asibiti a Tsanyawa, ta cika.

Na san yau hotonta zai cika shafukanmu na sada zumunta. Wasu za su ce ita ta koyar da su a firamare, ni ma ita ta riƙe hannuna na fara rubuta sunana. Wasu za su tuna shekarun da ta yi tana jagorantar zumuntar mata a cocinmu. Duk gaskiya ne.

Amma ni akwai maganar da ya kamata in yi tun tana da rai, ban yi ba. Maganar kuma ta abin kunyata ce.

Shekara tara ke nan da yayana Iliya da matarsa Maryamu suka rasu a hatsarin mota, suna dawowa daga kasuwa. Suka bar 'ya ɗaya, Rahila, tana shekara shida. Ni ce goggonta. Ranar da dangi suka zauna, a gaban fasto, na miƙe na ce babu mai riƙe ta sai ni. Aka yi ta sa mini albarka. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin albarkar nan.

Wata huɗu kacal na yi.

Rahila ta daina magana gaba ɗaya. Sai ta ɗebi tuwo ta ɓoye a ƙarƙashin tabarma har ya yi tsami. Ta koma fitsarin kwance. In ka taɓa ta sai ta sandare. Kullum da la'asar sai a neme ta a rasa, a je a same ta zaune a ƙofar gidan iyayenta da aka kulle, rungume da wani zanen mahaifiyarta da ba ta yarda a wanke.

Lokacin ina goyon tagwaye, ga damina, ga aikin gona. Ba uzuri nake nema ba, yadda abin yake nake faɗa.

Ran nan na fizge zanen na jiƙa shi da sabulu, don wari yake yi. Ta cije ni a hannu har jini ya fito. Na dake ta, dukan da ban taɓa yi wa 'ya'yan cikina ba.

Ba ta yi kuka ba. Kallona kawai take yi.

Washegari Lahadi, bayan an tashi daga sujada, na ja Malama gefe na ce mata na gaji, yarinyar nan ba lafiya ba, gara a kai ta wurin dangin uwarta can nesa, mutanen da ba ta taɓa gani ba. Malama ba danginmu ba ce. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta maza biyu sun girma suna birni, lokacin hutunta ne ya zo. Ta dubi tsumman da na ɗaure hannuna da shi, ba ta tambaye ni komai ba. Ta ce, "Ki kawo mini ita. Ki haɗo da zanen."

A ranar na kai ta, ko kwana ban bari an yi ba. Na dawo gida jikina sakayau kamar an sauke mini kaya. Duk sanda na tuna sauƙin nan da na ji a hanya, sai in rasa inda zan sa kaina.

Kun san yadda ƙauyenmu yake, gida na jikin gida, gona na jikin gona. Duk abin da ya biyo baya a idona aka yi shi.

Malama ba ta hana Rahila zuwa kullallen gidan ba. Ita ma binta take yi. Ta ɗauki 'yar kujerarta da kwandon gyaɗa, su je su zauna, tana ɓarewa, ba mai ce wa wani komai. Mutane suka fara cewa yarinyar ta shafa mata ciwon. Haka suka yi ta yi har kaka ta wuce, sai ran nan Rahila ta miƙe da kanta ta ɗauki kwandon ta yi gaba.

Maganar ɓoye abinci kuwa, wani ɗan kwano mai murfi Malama ta samo mata. Ta ce wannan naki ne, ba mai buɗe shi sai ke. Duk sanda aka zuba abinci sai ta ƙara mata a ciki. A hankali yarinyar ta yarda cewa gobe ma za a ci.

Ba ta taɓa sa ta ta kira ta Mama ba. Cewa ta yi, kina da uwa, sunanta Maryamu, kuma ba wanda zai zauna a wurinta. Sai ta riƙa ambaton sunan a addu'ar safe, tana gode wa Ubangiji da ya ba Rahila irin wannan uwa.

Kada wani ya ɗauka abin ya zo mata da sauƙi. Rahila ta taka mata tabarau da gangan. Ta taɓa ce mata "ke ba uwata ba ce" a ƙofar coci, jama'a na ji. Malama ta rame a shekarar. Wata Lahadi na koma ɗauko mayafina, na same ta a bencin baya ita kaɗai, hawaye na zuba. Na ɗauki mayafin na fita kamar ban gan ta ba.

Akwai abin da ya fi wannan muni.

A wani taron zumunta da ba ta samu zuwa ba, wata ta yaba mata, ta ce yarinyar ta fara sakin jiki. Ni da bakina na ce a bari a gani, ai tsintacciyar mage ba ta mage. A kan 'yar yayana na faɗi haka. Gaskiyar ita ce duk ci gaban da Rahila ta samu ji nake kamar ni ake nunawa da yatsa.

Maganar ta kai kunnen Malama, na tabbata. Sati na zagayowa ta shigo gidana da ƙullin daddawa kamar yadda ta saba, ta ɗauki tagwaye ta yi musu wasa, ta tafi. Har ta koma ga Allah ba ta taɓa tayar da zancen ba.

Wata rana matan zumunta suka tambaye ta yadda take jurewa. Ta ce, "Ba na roƙon Ubangiji ya sa ta so ni. Roƙona shi ne duk sanda ta waiwayo ta same ni a wurin. Ni ma ai riƙo ake yi mini. Yesu bai jira na zama mai daɗin sha'ani ba kafin ya karɓe ni."

Sai da aka shekara biyu. Zazzaɓi ya kwantar da Malama, Rahila ta ruga gidan Inna Hauwa tana cewa a zo, Mamarta ba lafiya. Daga ranar sunan ya zauna. Daga baya har ƙungiyar mawaƙa ta shiga. Ina zaune a layin mata ina jin muryar yarinyar da na ce ba lafiya ba.

Da aiki ya kawo mu unguwar Bacirawa a birni shekara huɗu da suka wuce, a zuciyata murna na yi. Duk Kirsimeti Malama sai ta sa Rahila ta kira ni ta gaishe ni, ni kuma in gajarta hirar, in ce netwok ba kyau.

Haɗuwarmu ta ƙarshe da Malama watan jiya ne. Na je gida biki, na so in sulale ba tare da na biya ta wurinta ba. Ina bakin titi ina jiran bas sai ga ta da sandarta, da ledar gyaɗa a hannu. An gaya mata na zo.

Ta damƙa mini ledar, ta ce Rahila ta shiga babbar sakandare, kuma kwanan nan ba ta da tambaya sai ta babanta: yaya yake yana yaro, me ke ba shi dariya, ya iya waƙa ko bai iya ba. Ta ce, "Ni a aji kawai na san shi. Ke kuka sha nono ɗaya. Ki zo ki kwana biyu ki ba ta labarinsa."

Na fara cewa Malama, abin da na yi wa yarinyar nan, sai ta katse ni.

"Talatu, na sani, ita ma ta sani. Kunyar nan taki ta isa haka, ba wanda take amfana. Ki zo kawai."

Na ce mata nan da sati biyu. Yau sati biyar ke nan.

Ɗazu na sake kiran Inna Hauwa in ji halin da Rahila take ciki. Ta ce ta yi kuka sosai, yanzu tana zaune a ɗakin tare da matan coci. Ta ce kuma in sani, ba ita ta yi tunanin kirana ba. Rahila ce ta miƙa mata wayar Malama ta ce a faɗa wa Goggo.

Ban cancanci sunan nan ba. Malama ce ta adana mini shi shekara tara.

Yanzu haka ina tasha, ana jiran mota ta cika. Ban san shawarar da 'ya'yan Malama za su yanke a kan inda Rahila za ta zauna ba, ban kuma da bakin da zan roƙe ta ta biyo ni. Abin da na sani, zan nemi gafararta da bakina, kuma zan ba ta labarin Iliya in tana son ji.

Ya Uba, ka karɓi baiwarka Saratu, ka ba ta hutun da ba ta samu a nan ba. Ka ta'azantar da 'ya'yanta, ka riƙe Rahila wadda ta rasa uwa sau biyu tun ba ta cika sha shida ba. Ni kuma ka gafarta mini. A cikin sunan Yesu, amin.

'Yan'uwa, Kirista da Musulmin da kuka san Malama, ku sa iyalinta a addu'a, musamman Rahila. In da sauran wuri a addu'arku, ku roƙa mini Allah ya ba ni ƙarfin halin haɗa ido da yarinyar nan yau.