Abin da aka ciro daga kunnen Saje Kashim

A Toranke babu mai kiransa Kashim sai mahaifiyarsa. Kowa Saje yake cewa. Kakanninsa daga gabas suka zo fatauci tun da daɗewa, suka sami ƙasar noma suka zauna. A nan aka haife shi, ya yi firamare a garin, ya yi sakandare a Gaya, yana ɗan shekara ashirin da biyu ya shiga soja. Da aka ga kansa yana ja a lissafi sai aka tura shi sashen biyan albashi, kuma yana cikin kaki ya lallaɓa ya yi digirinsa na farko a fannin akanta.

A shekararsa ta goma sha shida a aiki, suna cikin ayarin motoci a arewa maso gabas, motar da ke gabansu ta taka nakiyar da aka binne a hanya. Ko ƙwarzane bai yi ba a jiki, amma kunnensa na hagu ya mutu gaba ɗaya, na dama kuma ya rage kaɗan. Bayan wata takwas yana zirga-zirgar asibiti aka sallame shi daga aiki. Aka ba shi takardun likita da wata 'yar na'ura mai launin fata, ba ta kai ƙwallon dabino ba, wadda ake cusawa a kunne don ƙara ji.

Ya dawo gida ya kama noman gyaɗa da dawa. Ban da matarsa Hajo, babu wanda ya san da na'urar. Kullum yana sanye da hular saƙa da ya ja ta rufe kunnuwa, zafi ko sanyi, mutane suka ɗauka ɗabi'ar bariki ce. Ya ga yadda ake yi wa kurma a gari: a ɗaga masa murya kamar yaro, a yanke magana a gabansa ba a tambaye shi ba. Ya ƙudura ba za a yi masa haka ba.

Yana da shekara arba'in da ɗaya ya nemi gurbin digiri na biyu a wata jami'a a Kano, karatun ƙarshen mako, kuma ya samu. Ranar Juma'a da sassafe yakan hau babur zuwa tashar Ajingi, ya shiga bas da ke bi ta Gaya da Wudil, ba ya komawa gida sai Lahadi da yamma. Su kusan sittin ne a ajin, ma'aikatan banki, masu aikin haraji, da matasa da ba su daɗe da gama hidimar ƙasa ba. Shi ne yake riga kowa zuwa, ya kama kujerar gaba. Yakan ɗauki muryar malami a waya, in ya koma gida ya kara ta a kunnen dama ya sake saurare yana rubutu. Makinsa yana da kyau, amma ba shi da farin jini. In aka gaishe shi ta hagu ba ya amsawa, sai aka ce girman kai ne na tsohon soja.

Mutum ɗaya yake hira da ita, Safara'u, malamar koyar da kasuwanci a wata sakandare, wadda take shiga motar a Gaya. An haɗa su rukuni ɗaya a aikin gida, ta ga ba ya wasa da aiki, sai ta riƙa ba shi takardun da ta kwafa, shi kuma yana warware mata lissafin haraji a hanya.

Jarrabawar zango na biyu ta faɗo a cikin kaka. Ranar Asabar suka zauna takardar binciken asusu, wadda kowa yake tsoro. Mai tsaron ɗakin wani matashin malami ne, Malam Salahuddeen, wanda aka sani ba ya ɗaga ƙafa. Kafin a fara ya yi gargaɗi cewa an kama ɗalibai a wani sashe da ƙananan na'urori a kunne, ana karanto musu amsa daga waje, kuma duk wanda aka samu da irinsu kora ce.

Kashim ya ji wannan sarai. Ya yi niyyar ɗaga hannu. Ya dubi ɗakin cike da mutane, ya fasa.

An yi kamar awa ɗaya ana rubutu, gumi ya dame shi, ya sa hannu ya gyara hula. Hular ta danne na'urar, ta yi wani siririn fito. Shi bai ji ba. Malam Salahuddeen ya ji. Ya zagayo ta baya, ya tsaya a hagunsa ya ce, "Malam, cire hularka." Kashim ya ci gaba da rubutu. Malamin ya maimaita da ƙarfi, har na kusa suka ɗago kai. Da ya ga ba a kula shi ba, sai ya kai hannu ya fizge hular.

Kashim bai san lokacin da ya miƙe ba. Abin da ya sani kawai shi ne an taɓa shi ta baya. Kafin kujerarsa ta gama faɗuwa ya riga ya kama wuyan hannun malamin ya murɗe shi zuwa gadon baya, ya danna shi a kan tebur. Sai da ya ga fuskar Safara'u a layi na biyu, bakinta yana motsi, sannan ya gane inda yake. Ya saki hannun ya ja da baya.

Malam Salahuddeen ya miƙe yana haki, yana riƙe da hannunsa. Ya nuna kunnen Kashim ya ce, "Ciro abin nan ka ba ni."

"Malam, na ji ne. Likita ne ya ba ni."

"Ka faɗa wa kwamiti. Ba ni."

Ya ciro ya miƙa. Nan take duniya ta yi masa nisa, kamar wanda ya nutsa a ruwa. Yana gani aka sa na'urar a ambulan aka liƙe, aka karɓe takardar amsarsa, aka ba shi fom ya cike. Masu gadi biyu suka raka shi waje.

Kwana goma sha bakwai ya yi yana jiran zaman kwamitin ladabtarwa. A gona ana cirar gyaɗa, ya riƙa zaɓar can ƙarshen kunya shi kaɗai don kada a yi masa magana. Wata rana a hanyar kasuwar Ajingi mota ta yi ta yi masa oda bai ji ba, sai da wani mai kayan miya ya janye shi gefe. Da ya dawo gida Hajo ta ga ba daidai yake ba. Ta zauna a damansa, ta matso da bakinta kusa da kunnensa ta ce, "Baban Hauwa, ka kai musu takardun asibitin nan. Mene ne abin kunya a ciki?"

Ya ce, "Takarda za ta wanke ni daga satar amsa. Hannun da na murɗe fa? A cikin takardun nan akwai ta likitan ƙwaƙwalwa, wadda ta ce ina firgita. In suka karanta za su ce mahaukaci ne, bai dace da zama cikin mutane ba."

"To in ba ka kai ba me za su ce?"

Da ranar zaman kwamitin ta zo, ya ɗauki jakar takardun duka.

A Gaya Safara'u ta shigo motar, ko da yake ranar Talata ce, ba ranar karatu ba. Ta rubuta a wayarta ta nuna masa: ta nemi izini a makaranta, ta kuma rubuta wa kwamiti cewa tana son ba da shaida. Ya karanta, ya juya kai yana kallon gonaki har suka haye gadar Wudil.

Mutum biyar ne a kwamitin, shugabansu wani dattijo, Farfesa Muhyiddeen. Malam Salahuddeen yana gefe, hannunsa a naɗe da bandeji. Ambulan ɗin tana kan tebur. Farfesa ya fara karanta tuhuma kansa a sunkuye, Kashim yana tsaye ƙam yana ganin leɓe yana motsi, ba ya kama komai. Da aka gama aka zuba masa ido ana jiran amsa. Wata malama a cikinsu ta haɗe rai ta rubuta wani abu.

Sai Kashim ya cire hular da kansa ya ce, "Ranka ya daɗe, ban ji ko kalma ɗaya ba. Ni kurma ne. Kunnena yana cikin ambulan ɗin can."

Shi ne karo na farko da ya faɗi haka da bakinsa. Farfesa ya dube shi, ya yage ambulan ɗin, ya miƙa wa wani injiniya da aka gayyato. Mutumin ya jujjuya ta, ya karanta lambar jikinta, ya duba a kwamfuta, ya ce wannan samfurin ba ya haɗuwa da waya, ƙara sauti kawai yake yi. Aka tura wa Kashim ita. Batirin ya mutu, ya ciro sabo daga aljihu ya canza. Da ya sa ta, abin da ya fara ji shi ne ƙarar fanka.

Aka sake karanta tuhumar. Ya miƙa takardun asibiti, bai cire ko ɗaya ba. Malamar nan ta daɗe a kan ta likitan ƙwaƙwalwa, sannan ta ce, "An yi gargaɗi kafin a fara jarrabawa. Me ya hana ka magana?"

"Kunya, ranki ya daɗe. Laifina ne."

"In gobe wata ɗaliba ta taɓa ka ta baya fa?"

Ya ce, "Ba zan rantse miki a kan abin da ban san lokacin da yake faruwa ba. Shekara uku ke nan bai same ni ba sai ranar. Na daina zuwa asibiti da na ga na samu sauƙi. Zan koma."

Aka kira Safara'u ta faɗi abin da ta gani: an yi masa magana ta hagu, an taɓa shi ta baya, kuma da ya gane ya saki da kansa. Farfesa ya juya ga Malam Salahuddeen ya tambaye shi ko yana da abin cewa. Malamin ya ce shi aikinsa ya yi, kuma ko gobe ya ji fito a kunnen ɗalibi zai tsayar da shi. Sannan ya ƙara da cewa fizge hular kuskure ne, kuma ba ya neman a kori kowa saboda shi.

Kashim ya juya gare shi ya ce, "Malam, ka yafe mini." Malamin ya gyaɗa kai, bai dube shi ba.

Bayan mako uku takarda ta fito. An wanke shi daga satar amsa. A kan hannun kuwa an ba shi gargaɗi a rubuce, an soke takardar binciken asusu sai shekara mai zuwa, kuma sai ya kawo shaidar asibiti kowane zango. 'Yan ajinsu suka gama suka bar shi, Safara'u ma ta gama. Ya sake zama da sababbin ɗalibai, ya ci takardar, ya kare kundinsa shekara ɗaya bayan sa'o'insa.

Yanzu yana aiki da wani ƙaramin kamfanin binciken asusu a Kano, kwana uku a mako, sauran kwanakin yana gonarsa a Toranke. Duk farkon wata yakan tsaya a asibiti kafin ya wuce ofis. Firgitar ta sake zuwar masa sau ɗaya, a tashar mota, da tayar wata babbar mota ta fashe. Ya tsuguna a gindin bango har ta wuce, sannan ya tashi ya karkaɗe rigarsa ya shiga layin masu jiran bas.