Saiwar Gwandar Daji da Ɓerayen Zariya

Ɓeraye aka ba maganina, kuma har yau ban yafe ba.

'Yan shekaru bayan samun 'yancin kai, wasu masu bincike suka zo Kurmin Kogi daga Zariya, suna neman itatuwan da ake maganin ciwon daji da su. Lokacin ban daɗe da shiga ajin yaƙi da jahilci ba, da jikokina a duniya, ina ji da kaina. Yayata kuwa ƙullutu ne ya fito mata a nono, ina dafa mata saiwar gwandar daji yadda kakarmu ke yi. Na ce a raina, ga waɗanda za su tace mana ita ta zama allura. Na saɓi fartanya na tono musu kwando guda, har ƙaya ta yaga mini zane.

Muka zauna jira. Duk motar da ta yi ƙugi sai Yaya ta ce, "Leƙa mana, ko masu allurarki ne."

Sai da aka fara saran rake ɗayansu ya dawo, wani dogo mai tabarau. Muka gaisa, na ce ina allura?

"Gwaggo, mun jiƙa ta, mun tace, mun ba ɓeraye."

"Ɓerayen wa?"

"Namu. Farare ne, kiwonsu muke yi."

"Kiwo? Ɗan nan, ai da ka faɗa da na buɗe maka rumbu ka kwasa kyauta."

Yaya ta yi ta dariya daga ɗaki tana dafe ƙirji. Shi ma ya dara, sannan ya yi bayani. Ɓerayen ma ciwon gare su. A jikin wasu ƙullutun ya ɗan ja baya, wasu kuma ruwan ya fi ƙarfinsu suka mutu. Kafin a gane abin da ke aiki a ciki, da iyakar abin da mutum zai sha, sai an yi shekaru.

Na ce, "Yayata ba ta da shekarun nan."

"Shi ya kawo ni, Gwaggo. Kada ku jira mu. Ku kai ta asibiti."

Na ji haushinsa, amma bai yi mini ƙarya ba. Na ba shi mazarƙwaila don baƙo ne, ba don ya cancanta ba.

Washegari na ɗaure wa Yaya kayanta, na tare motar rake mai zuwa Zariya. Ita gaba kusa da direba, ni a saman kaya.