Dattijon da ke Jiran Jarumi

A gidan bidiyon bakin kasuwar Makarfi, wani dattijo na zaune a bencin gaba, sanye da kakin masinja da ya koɗe amma ya sha guga. Da alama yana cikin waɗanda aka sallama daga aiki bana.

Fim ɗin na jarumi mai tashi sama ne, amma tun ɗazu bos, wato mugun fim ɗin, ake nunawa, yana cin kaji, yana rushe gidajen talakawa. Jarumin sau ɗaya ya leƙo. Dattijon yana ta murza hularsa, idonsa na kan talabijin.

Can ya miƙe, ya dubi mai bidiyo.

"Malam, hoton jarumi kuka liƙa a ƙofa," ya ce a hankali. "In don mugu ne, ai da gida na zauna na kunna rediyo."