Kabo da Gwangwanin Mushe

Kabo mutumin Jiratawa ne, manomin hatsi, mai alheri har ya yi yawa. Baƙo bai taɓa shiga gidansa ya fita da ƙishirwa ba.

A wata shekara ta fari, zamanin Nasara, wani Bature mai binciken ruwan sama ya zo daga Maraɗi. Mushe kawai ake ce masa, yadda ake kiran Turawan Faransa. Ya kafa gwangwani a kan turke bayan gidan Kabo, Ilyasu tafinta ya ce, "Baba, ka tsare wannan, kada a taɓa. Zai riƙa zuwa dubawa."

Kabo ya leƙa, wayam. To me zai tsare? Bai tambaya ba, don hankalinsa yana kan rumbu. Hatsi ya ƙone a gona, fatan gari ɗaya ne: kumandan, Baturen mulki, ya yafe musu damman hatsin haraji da ake karɓa duk kaka.

Mushe ya dawo sau da yawa, ya leƙa gwangwani, ya girgiza kai, ya hau dokinsa. Abin ya dami Kabo ƙwarai.

"Tani," ya ce wa matarsa, "bawan Allah wanga shina tahowa tun daga Maraɗi cikin rana, shi iske kwanonshi ƙaf, a bayan gidana! Mi za a ce da ni?"

Daga nan, duk ranar zuwan Mushe sai ya ɗebo ruwa daga randar Tani ya zuba a gwangwanin. Mushe kuwa ya riƙa fara'a. Ya auna ruwan, ya dubi sama, ya zubar a ƙasa ko kurɓa babu. Kabo ya rasa gane kan wannan baƙo, amma tunda yana murna, shi ke nan.

Da kaka gardi, dogarin kumandan, ya iso da raƙuma, Ilyasu na biye. An yafe wa garin Tsibiri, ba a yafe wa Jiratawa ba.

"Don mi?" in ji Kabo.

"Gwangwani ya nuna kun samu ruwa, Baba," in ji Ilyasu.

Kabo ya buɗe baki, ya dubi bulalar gardi, ya dubi maƙwabtansa, ya rufe. Aka kwashe har irin shuka. Kafin wata damina sun binne autarsu, Safiyatu.

Ya tsufa yana tambayar Tani, ita kaɗai, yadda ba baƙo ruwa ya zama laifi.