Tifar Yaya Haruna

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana Haruna, kuma mun sha wuya, babu wani suna da zan sa mata. Wata bakwai yana kwance a ɗakin haya a Unguwar Shanu, shi da matarsa da 'ya'ya biyar, kwano na yoyo. Ni nake juya shi. Mutumin da ya yi shekara talatin yana masinja a ofishin gwamnati bai taɓa makara ba.

Ni birkila ne, aji uku na yi a elementare. Amma na san yashi.

Da aka sallami Yaya daga aiki aka ba shi garatuti, wato kuɗin sallama, baƙi suka cika zauren gidansa na Unguwar Kanawa. Akawuna biyu daga ofishinsu, da wani dillali mai agogon zinariya. Suka ce Kaduna gini take yi, duk mai tifar ɗebo yashi daga kogi ya yi sallama da talauci. Ina zaune ina ji. Na san direba kan yi sawu shida ya gaya wa mai mota huɗu. Na san tsohuwar tifa ba ta ganin damina biyu. Da kuɗin nan sai in tayar masa da ɗaki huɗu a filin bayan gida ya zuba 'yan haya, saura ya kwanta a banki saboda ciwo. Ban buɗe baki ba. A gidanmu ƙane ba ya gyara wa yayansa zance a gaban baƙi.

Da suka watse na ce, "Yaya, da dai an raba kuɗin nan, kada a zuba duka wuri ɗaya."

Ya ce, "Audu, na riga na ba su hannu. So kake a ce Haruna ya yi magana biyu?"

Aka sayo tifar da kuɗin duka. Kafin shekara inji ya buga. Aka gyara, giya ta lalace. Direba ya gudu. Aka sayar da gida don a ceci mota, daga baya motar ta tafi a kuɗin ƙarfe. Akawunan nan ko dubiya ba su zo ba. Ranar sadakar uku dai sun zo, sun ce ƙaddara ce.

Ban musa ƙaddara ba. Abin da ke cin raina shi ne a riƙe mutum shekara talatin ana koya masa ɗaukar fayil, rana ɗaya a damƙa masa kuɗin da bai taɓa gani ba, a ce ya sauka lafiya. Babu mai zaunar da shi ya ce wannan na ci ne, wannan na ajiya, wannan kaɗai za ka gwada sa'a da shi.

Da Yaya zai leƙo yau, ban san me zai ce ba. Fam ya tafi, naira ta zo. Filayen Rigasa da ake noma dawa yanzu rububinsu ake yi. Wanda ya sayi gidansa ya gina ɗakunan nan a baya, kuma ni aka ɗauka na jera bulon, don ba ni da halin ƙin aiki. Masu ritaya kuwa yanzu har takardar hannun jari ake kai musu, wadda ba su iya karantawa. Ban ce babu riba ba. Cewa na yi kada a zuba duka.

Bai bar wa 'ya'yansa ko bango ɗaya ba. Ya bar musu gaskiya, don har yau ba a taɓa kawo mini ƙarar ɗayansu ba. Sai dai gaskiya ba ta biyan haya.

Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko masallaci, na ji Malam Inuwa, aminin Yaya, wanda za a sallama watan gobe, yana cewa an samo masa bas mai sauƙi, duk garatutinsa zai shige ciki. Mutane sai sa albarka suke yi. Ya girme ni nesa ba kusa ba.

Washegari da safe ban je wurin gini ba. Na tafi gidansa, na tarar da masu bas ɗin suna shan koko a zaure. Na gaishe shi har ƙasa, sannan na ce, "Malam, ka gafarce ni, yau zan yi maka rashin kunya, kuma a gabansu zan yi."