Mama Tabita, Wadda Ta Zauna a Kan Ƙamusuna

Ranar Talata, 14 ga Maris, 2006, mijina Philip ya dawo daga Samaru ya tsaya a bakin ƙofa bai cire takalmi ba. Ya ce Mama Tabita Barau ta rasu da safe, bayan gajeriyar jinya. Daga Allah muka fito, gare shi za mu koma.

Mama, sau biyu na faɗi Turanci a jarrabawa kafin in zo gare ki. Burina shiga kwalejin horar da malamai, Philip kuwa ya ce in na sake faɗuwa mu haƙura, in kama ɗinki. Wata 'yar majami'armu a Jushi ta ce akwai malamar da ta yi ritaya tana koyar da matan aure a barandarta a Samaru.

Ranar farko ba ki karanta abin da na rubuta ba. Kika zauna a bayana kina kallon hannuna. Da na gama kika ce matsalata ba rashin kalmomi ba ce. Ina tsayawa a tsakiyar jimla, in buɗe ƙamus, in soke, in sake, har abin da nake son faɗi ya tsere. Kika ce mai tsayawa a ƙarshen jimla tunani yake yi, ni kuwa tsoro nake ji. Sai kika ɗauki ƙamusuna, kika ɗora a kujera, kika zauna a kai.

"Jessica 'yata, in kina son sa, sai ki ɗaga ni," kika ce, kina dariya.

Kin gano littattafan soyayya da nake haya a kasuwar Sabon Gari, ina ɓoye su cikin jaka. Na zaci faɗa za ki yi. Sai kika ce in ba ki labarin ɗaya daga cikinsu da Turanci a rubuce, kada in ɗaga biro sai masoyan sun haɗu, gyara kuma sai gobe. Na cika shafi uku da kurakurai. Kika ce yau ne kika fara jin muryata, kuma kina son sanin ko yarinyar ta yafe wa saurayin.

A ɗakin jarrabawa hannuna ya tsaya a tsakiyar jimla. Na ji kamar kina bayana, sai na ci gaba.

Sakamako ya fito mako guda bayan jana'izarki. Na ci, Mama. Na je Samaru na faɗa wa barandarki. 'Yarki Christabel ta miƙo mini ƙamusun, ta ce kin bar saƙo a ba ni in na ci. Matan da kika bari suna karatu sun ce in riƙa zama a bayansu ranar Asabar, na kuwa amsa.

Allah ya ji ƙanki, ya ba ki hutawa a wurinsa. Ya ba mijinki Baba Barau da Christabel da dukan iyali haƙurin rashinki. Amin.