Dambun Nazifi a kwanona

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina gaban allo a makarantar da nake koyarwa a Kibiya, waya ta yi ta ƙara a jaka. Maigidana ne. Ya ce, "Ladi, nemi babur ki taho gida, Nazifi ya rasu."

Na ce wane Nazifin? Sai ka ce muna da goma.

Nazifin Yaya Binta, maƙwabciyata a Rano, katanga ce kawai tsakaninmu. Shekararsa sha shida, yana aji biyar na sakandare. Lafiya ƙalau ya fita da kekensa. Ana tsaye a asambile ya ce wa abokinsa yana jin jiri, ya sulale ƙasa. Kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa.

Ku yi haƙuri da rubutun.

Duk wanda ya san unguwarmu ya san shi. Shi ne dogon yaron nan da ke buga wa tsofaffi famfo, yana bugawa yana yi musu tsiya, wai duk matansa ne, su jira ya gama makaranta ya kwashe su gaba ɗaya. Su kuma su ce Allah ya tsare su da mijin da ba shi da ko akuya.

Ni kuwa in wayata ta ƙi, shi nake ƙwala wa kira. Ya ɗan latsa ya miƙo min, ya ce, "Anti Malama, ba lalacewa ta yi ba, hotunan biki ne suka shaƙe ta."

Amma tun daga Kibiya har Rano, a bayan babur ɗin nan, uwarsa ce a raina.

Nazifi ɗan fari ne, Yaya Binta kuwa 'yar ƙauyen Zinyau ce, irin masu kunyar nan ta mutanen da. Tunda nake da ita ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai dai "yaron nan". In ya shigo ta kau da kai. In ya kawo sakamako mai kyau ta ce a kai wa babansa. Na sha yi mata faɗa, in ce Yaya, wannan kunyar ai ta tafi da masu ita. Sai ta ce, "Haka na ga uwata ta yi wa yayanmu, Ladi. Bakina ba zai iya ba."

Abin da baki ya kasa, ta katanga yake biyowa.

Nazifi da dambu kamar ƙuda da zuma. Sai ta faki idon yara ta turara masa na musamman, da zogale da ƙuli da man gyaɗa, ta miƙo min ta saman katanga. "Juye a kwanonki, kar ya gane nawa. In ya shigo ki ba shi." Haka rigar sanyi ta biyo, haka takalmin ƙwallo. Ni ke miƙawa, ni ake yi wa godiya.

Wata rana ma a gabanta ya ce wa ƙannensa duk duniya Anti Malama ta fi kowa son sa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ita kuwa ta ci gaba da tankaɗenta, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Bayan azahar aka kai shi. Maigidana ya ce masu babur sun ajiye sana'a sun bi, 'yan makarantarsu sun cika hanya da yunifom, wasu tun daga Yalwa a ƙafa. Malamin da ya koya masa karatun allo ya ɗaga hannu zai yi addu'a, murya ta ƙi fita, sai wani ya karɓa.

A cikin gida mata sun cika tsakar gida har zaure. Yaya Binta na kan tabarma, idonta a bushe, tana amsa gaisuwa ɗaya bayan ɗaya. Na ji wata a bayana tana raɗa, wai ba ta taɓa ganin uwa mai taurin zuciya haka ba. Wallahi da ba gidan makoki ba ne da ta ji bakina.

Da aka tashi sallar la'asar ta kama hannuna ta ja ni madafi. Hannunta sanyi ƙalau.

"Ladi, ki gaya min tsakaninki da Allah. Yaron nan ya tafi yana ganin ba na son sa, ko?"

Allah ya sa ina da amsa, kuma ba ƙaryar lallashi ba ce.

Na ce Yaya, kin tuna dambun shekaranjiya? Ta gyaɗa kai. Na ce to a bakin ƙofata ya zauna ya ci, yana ci yana jan hanci, ido ya yi ja. Da ya suɗe kwanon ya miƙo min, ya ce, "Anti, don Allah ki ce wa mai dambun nan ta riƙa rage yaji."

Na ce masa ai ni ce mai dambun, raina ni ka yi ko? Ya yi dariyar nan tasa har da buga cinya. Ya ce, "Haba Anti, ke da ko a miya tsoron yaji kike. Duk Rano mutum ɗaya ce ke zuba yaji haka, kuma a gidanmu take. Tun ina firamare na sani."

Na ce to me ya sa kake yi min godiya? Ya ce, "In na yi mata, kunya za ta ji, ta daina. Ai ta katanga take jin godiyar. Ki bar ta kawai, kar ki ce na gane."

Wannan ne ganina na ƙarshe da shi.

Da na gama, Yaya Binta ta dube ni. Ta ce, "Haka ya ce?" Na ce wallahi haka ya ce. Sai ta yi 'yar dariya, dariyar ta karye a tsakiya, ta dafa bango ta durƙushe. Kukan da ta riƙe tun safe a nan ya ƙwace mata.

Abin da kawai take maimaitawa shi ne, "Da kin gaya min ai da na rage masa. Da na rage masa, Ladi."

Na rungume ta muka yi tare, ban ce mata ta yi shiru ba.

Nazifi, ka yafe min, na karya alƙawari, na gaya mata. Ina son ka, yaron kirki, amma akwai wadda ta fi ni, kuma ka sani.

Ya Allah ka jiƙan bawanka Nazifi, ka haskaka kabarinsa, ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka sanyaya zuciyar uwarsa da ubansa da ƙannensa, ka haɗa su a inda ba rabuwa.

Don Allah duk wanda ya karanta, kar ya wuce bai yi masa addu'a ba. Ku sa uwarsa a ciki, yau ta fi kowa buƙata.